Dikoda Mai Jan Ƙafa: A Gyara Ko a Sayo Sabuwa?

Iyayenmu maza da mata, malamai, samari da 'yan mata na Sabon Zongo, Nima, Maamobi, Fadama, Shukura, Madina har Ashaiman, da duk wanda muryar nan ta iske a cikin Ankara da kewaye, ga shirinmu na faɗakarwa.

Yau maganarmu a kan dikoda ce, musamman irin wadda ke naɗar shiri ta ajiye maka ka kalla daga baya. Kukan da ake yi da ita iri ɗaya ne daga wannan lungu zuwa wancan. Ka danna rimot, shiru. Ka sake dannawa, shiru. Ka danna na uku da fushi, sai ta farka ta cika umarnin uku gaba ɗaya, ta tsallake tashar da kake nema ta kai ka wata. Hajiya ta sa jikanta ya saita mata Labarina kafin ta tafi gidan suna, ta dawo ta tarar an naɗi tallace-tallace da rabin shirin, an yanke daidai inda magana ta yi daɗi. Alhaji yana so ya goge tsohon wasan ƙwallo guda, sai ya ratsa shafi bayan shafi, ana ta tambayarsa ko ya tabbata. A ƙarshe wani yaro a gidan ya ce, "Baba, wannan ta gama aiki, a sayo sabuwa kawai."

Ga amsata tun da wuri, don wanda zai fita kafin mu gama: kada a saya tukuna. Nauyin dikoda ba ciwo ɗaya ba ne. Wani daga waje yake zuwa, ita ba ta da laifi. Wani tsufan wani ɗan ƙarfe ne a cikinta, mai gyara zai canza shi kafin shayinka ya huce. Wani kuwa da shi aka ƙera ta, kuma irin wannan ne ya cancanci ka buɗe aljihu. Wanda bai rarrabe su ba zai sayo sabuwa ya ɗora ta a kan tsohuwar waya, a cikin tsohon kabad, bayan wata biyu ya dawo yana zagin kamfani.

Da farko akwai jinkirin da ba ciwo ba ne ko kaɗan. Dattawanmu sun tuna zamanin da GBC ce kaɗai, tun da ta fara talabijin a 1965: kana murɗa maɓalli hoto ya fito nan take, ko da yana yayyafi. Hoton dijital ba haka yake tafiya ba. Dunƙule shi ake yi a matse don tashoshi da yawa su shiga hanya ɗaya. Idan ka canza tasha, dole dikoda ta nemo hanyar, ta jira cikakken hoto guda ya iso don ta ɗora sauran a kansa, ta warware shi, in tashar ta kuɗi ce kuma ta buɗe kwaɗon da aka sa mata. Daƙiƙa ɗaya ko biyu a wannan aiki ba laifi ba ne, ko ta miliyan ka saya haka za ta yi. Dijital ɗin nan shi ne tsarin da ƙasashe suka amince da shi a Janiba a 2006, aka sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin ranar rufe tsohon tsari. Gana ba ta cika wa'adin ba, an yi ta ɗagawa, amma dai an gina sabon tsarin. Kamfanin K-Net ne ya yi aikin, da fasahar da ake kira DVB-T2, kuma cibiyar da ake tattara tashoshin tana nan Kanda, maƙwabtan Nima.

Haka nan abin da ke ƙona wa samari rai ranar wasa. Ku tuna 28 ga Nuwamba 2022, ranar da ɗan Nima, Mohammed Kudus, ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a Katar, Gana ta ci 3 da 2. A gidan haya mai ɗaki goma, ai ba tare aka yi ihu ba. Mai rediyo ya riga kowa, mai eriya ya bi, mai dish yana zaune ƙwallo ba ta ma shiga raga ba a allonsa, ga unguwa ta ɗauka. Hoton dish sai ya hau sama wajen kilomita 36,000 zuwa tauraron ɗan'adam ya sauko, ban da lokacin matsewa da warwarewa. Wanda kuma ya taɓa tsayar da hoton ya shiga bayi ya dawo ya ci gaba, yana baya da adadin mintocin da ya yi, sai ya koma kai tsaye. Kada a hukunta dikoda kan wannan.

To, mu zo ga abin da ke waje. Fara da rimot, don shi ne mafi araha, kuma shi ake mantawa. Canza batir, sabbi biyu, ba ɗaya sabo ɗaya daga agogon bango ba. Sannan ka buɗe kyamarar wayarka, ka nuna mata kan rimot ɗin ka danna. A yawancin wayoyi za ka ga ɗan haske yana ƙyaftawa wanda ido ba ya gani. In maɓalli ɗaya yana ƙyaftawa ɗaya ba ya yi, datti ne da maiƙon hannu suka shiga ƙarƙashin robar. Rimot ɗin da yara suka ci tuwo da shi shekara uku, ba dikoda ce ta yi nauyi ba.

Sai sigina. Shiga wajen saiti, za ka ga layi biyu, ɗaya na ƙarfi ɗaya na inganci. Mutane kan ga na ƙarfin ya cika su ce lafiya lau, alhali na ingancin ne ke magana. Idan ya yi ƙasa, hoto zai riƙa tsagewa gida-gida, murya ta riƙa sarƙewa, abin da aka naɗa ya fito da giɓi, dikodar kanta ta zama kamar mai gyangyaɗi saboda tana ta faman haɗa abin da ya iso mata a yage. Mu nan kusa da teku muke. Iskar gishiri tana cin ƙarfe, mutanen Sabon Zongo da Shukura sun fi kowa sanin haka a kwanon rufinsu. Tana cin dish, tana cin bakin wayar da ke ɗaure a kan LNB, wato ɗan kan nan da ke tsaye a gaban dish ɗin. Ruwan Mayu da Yuni kuma yana bin wayar da ta tsage ya kwanta a ciki. Ga wata al'ada tamu ta gidan haya: dish ɗaya, a yi ta yanka waya ana murɗawa da salatif ana kai wa ɗaki huɗu, kowa yana jan nasa. Zumunci ne mai kyau, amma a kira mai haɗa dish ya sa LNB mai baki da yawa, kowane ɗaki da wayarsa, shi ne zai ɗore. Ɗaukewar hoto lokacin ruwa mai ƙarfi kuwa halin dish ne, in gajimare ya wuce zai dawo.

Yanzu iyayenmu mata, ku yi mini haƙuri, zan taɓa ado. Wannan ɗan leshi da ake lulluɓe dikoda da shi don ƙura, shi ne ke dafa ta. Ramukan da ke samanta da gefenta na numfashi ne. A rufe su da zane, a cusa ta cikin kabad mai gilashi, a ɗora mata na'urar faifai a kai, a ɗakin da kwano ke sama ana zafin Maris, me ake so ta yi? Na'ura in ta ji zafi rage gudu take yi, ko ta daskare, ko ta kashe kanta ta sake tashi a tsakiyar naɗi. Fito da ita fili, a bar mata tazarar tafin hannu ta kowane gefe, bayan hunturu a goge ƙurar da ta toshe ramukan da busasshen burushi. In ana so a rufe, a rufe bayan an zare ta daga wuta.

Wutar ma da nata. Wanda ya ga dumso, wato yawan ɗaukewar wuta, daga 2012 zuwa 2016 ba sai an ba shi labari ba, kuma har yau wuta takan ɗauke ta dawo da ƙarfi. Dikoda mai naɗi ta fi maras naɗi jin jiki, domin a cikinta akwai faifan ajiya mai juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Da yawansu ma ko ba ka sa su naɗi ba suna rubuta abin da kake kallo a kai a kai, don ka iya tsayarwa ko mayarwa baya. Wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu, abin da ke faifan ya hargitse. A maimaita haka shekaru, faifan kansa ya fara ciwo. Ɗan abin kariyar nan da ake sa wa firij, mai jinkirta wuta in ta dawo, akwai irinsa na talabijin, kuma kuɗinsa bai kai na faifai ba.

In ka gyara duk waɗannan ba ta sake hali ba, ga gwaji ɗaya da nake so kowa ya riƙe, don shi ke raba gardama. Dubi lokacin da take nauyin. Idan kallon kai tsaye lafiya lau ne, amma da ka buɗe jerin abin da ka naɗa sai ta tsaya, ko ka ji tana ƙas-ƙas daga ciki, faifai ne. Duba ko ya cika. Awa ɗaya na hoto mai kyau, wanda ake kira HD, yakan ci gigabait biyu zuwa huɗu, ga shi mu ba ma son gogewa: tafsirin azumin shekaru uku, wasan Hearts da Kotoko da kowa ya san sakamakonsa, fim ɗin Indiya kashi ɗari. Rage kaya, a bar sarari. In bai isa ba, a wanke faifan gaba ɗaya daga wajen saiti, amma a sani komai zai tafi. Masu naɗi a filash ko faifan waje ta kafar USB, naku ya fi sauƙi: zare shi ka ga ko ta warware. In ta warware, filash ɗin ne. Akwai na jabu a kasuwa da aka rubuta musu girman da ba su da shi, akwai na gaske amma masu jinkirin rubutu da ba su iya bin hoto. Kuma filash ɗin da aka tsara da tsarin FAT32 ba ya riƙe fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, shi ya sa a wasu dikodoji dogon wasa ke yankewa ko ya rabu gutsu-gutsu.

Idan kuwa da safe sai ta yi ta ƙyafta fitila kafin ta tashi, ko ta mutu ta farfaɗo da kanta da zarar faifai ya fara juyawa, a zargi ɓangaren wuta. Ko dai adaftar da ke waje ta gaji, ko ƙananan kafasita na ciki sun bushe sun kumbura. Wannan aikin mai gyara ne, kuma kayan suna nan a Zongo Lane da kuɗi kaɗan. Ina roƙon samari masu ƙarambani, kada ku buɗe da kanku, akwai wutar da ke saura a ciki ko bayan an zare fulogi. In adafta za a canza, a sayi mai lambobi daidai da na tsohuwar, ba kowace mai bakin da ya shiga ba. In kuma dikodar ta kamfanin biyan wata ce tana cikin garanti, a kai ta ofishinsu, buɗewa a waje yana kashe garantin. Kafin a je ko'ina ma, a duba ko akwai sabuwar manhaja da ba ta sauke ba, sannan a mayar da ita saitin farko a gani.

Saura ciwon da ba ya jin magani. Wata dikoda tun ranar da aka ciro ta daga kwali haka take. An sa mata ƙaramar ƙwaƙwalwa don ta yi araha, sannan aka loda mata aiki: ga jadawalin shirye-shirye, ga tashoshi ɗari-ɗari, ga talla, ga sabbin abubuwan da kamfani ke turowa ta sama shekara bayan shekara, ita kuwa ƙwaƙwalwar tana nan yadda take. Kamar mai waakye ce ita kaɗai da ludayi ɗaya, layi ya kai bakin titi. Ba ƙyuya take yi ba, hannun ke nan. Alamarta ita ce nauyin bai da lokaci: da faifai da babu, da sanyi da zafi, da rana da dare. Haka nan wahalar sha'ani, inda abin da kake yi kullum aka binne shi can ƙasa, aka sa abin da ba ka taɓa buƙata ba a gaba, wannan tunanin wanda ya tsara ta ne, babu mai gyara a Circle da zai canza shi. Ni a ganina wannan uzuri ne karɓaɓɓe na sauyawa. Na'urar da tsohuwar gida ba ta iya sarrafawa sai ta jira jikanta ya dawo daga makaranta, ba ta cika aikinta ba, ko da fitilarta na ci.

Akwai kuma wadda zamani ya wuce. In kana jin murya babu hoto a wasu tashoshi, ko wasu sun ɓace ko ka sake bincike, maƙwabcinka kuwa yana kama su, wataƙila sun koma sabon salon matse hoto da taka ba ta gane ba. Nan ma babu gyara. Ƙa'idata a sauƙaƙe: in nauyin na haihuwa ne, ko ta daina gane tashoshi, ko kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabuwa, a sauya. In ba haka ba, a gyara.

Amma kafin a nufi kasuwa, a zauna a yi wa kai tambayar gaskiya: me nake naɗa, kuma ina kallonsa? Na'urar naɗi ta dijital ta fito ne a Amurka a 1999, lokacin TiVo da ReplayTV, zamanin da in shiri ya wuce ka ya wuce. Yau Labarina yana YouTube, wa'azin malamai yana yawo a WhatsApp kafin a shafa fatiha, ƙwallayen da aka ci suna waya kafin 'yan wasa su yi wanka. Matashin da ke da data ba lallai ya buƙaci faifai ba, ƙaramar dikoda maras naɗi ta ishe shi. Wanda naɗi ke yi wa rana har yanzu shi ne mai gidan da data ke yi wa tsada, da direban trotro ko mai gadin da ke dawowa tsakar dare, da uwar da ke kasuwa lokacin shirinta, da gidan da ke son kallon tafsiri bayan an dawo daga asham. Waɗannan su nemi mai naɗi, amma da ido buɗe.

Abu na farko, abin da ka naɗa a dikodar biyan wata ba naka ba ne yadda kake zato. A kulle yake, ɗaure da wannan akwatin da wannan rajistar. Ba ka kwashe shi zuwa sabuwa, ba ka kai shi kwamfuta, kuma yawanci in kuɗin wata ya ƙare shi ma ya rufe. Saboda haka wanda zai sauya ya gama kallon abin da ya tara tukuna. A wasu kamfanonin ma naɗin kansa yana da ƙarin kuɗinsa na wata, a tambaya kafin a biya. Kuɗin akwati sau ɗaya ne, na wata shi ke cin aljihu. Kun ga yadda aka kwashe a 2025 tsakanin Ministan Sadarwa Samuel Nartey George da kamfanin MultiChoice kan farashin DStv, yana neman a rage kashi 30 cikin ɗari, aka ƙare da ƙara wa masu biya tashoshi daga watan Oktoba. Duk rigimar nan a kan kuɗin wata aka yi ta, ba a kan akwati ba. Wanda abin da yake kallo GTV ne da TV3 da UTV da Adom, tashoshin kyauta na eriya ko na dish irin na Multi TV sun wadatar da shi. A lissafa da mita ma: a ce na'ura tana jan wat 20 dare da rana, a wata ta ci yunit 14 da ɗoriya, ko an kalla ko ba a kalla ba.

A shago kuma, kada ka yarda da kwali. Ka ce a kunna, a ba ka rimot a hannunka. Canza tasha goma a jere. Buɗe jadawali ka gangara ƙasa. Sa ta naɗi na minti biyu, ka nemo shi, ka kalla, ka goge, ka ga dannawa nawa ya ci. Tambayi mai shago ko za ka iya naɗar wata tasha kana kallon wata, ka ce ya nuna maka, domin mai kunne ɗaya, wato mai kama hanya ɗaya a lokaci guda, ba ta iyawa sai tashoshin da ke tafiya a hanya ɗaya. In don Hajiya za a saya, a tafi da Hajiya, ita za ta danna. Ta eriya dole a ga DVB-T2 a jikinta, a kuma nemi tambarin Digital Ghana, shaidar hukumar sadarwa ta NCA ta amince da ita. Wanda talabijin ɗinsa sabo ne ya duba, wataƙila dikodar eriya tana ciki, har da naɗi ta USB. A karɓi rasit da sharaɗin mayarwa a rubuce.

Kayan hom-yus kuwa, a yi hattara. Akwatunan da ke fitowa daga kwantena masu tambarin kamfanonin Ingila, da yawansu a kulle suke da tsarin can, nan ba abin da za su kama maka. Ko wadda ta yi aiki, faifanta ya riga ya yi shekarunsa yana juyawa a gidan wani. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tsohuwar fa? In nauyinta na faifai ne kawai, sau da yawa tana iya ci gaba da nuna hoto ba naɗi, a kai ta shago ko a ba wani ɗaki. In ta mutu, mai gyara zai so adaftarta da rimot ɗinta, sauran a sayar wa masu kondem. Kada a jefa ta a kwata, mun san abin da kwatar Nima da Maamobi ke yi mana in damina ta sauka. Kada kuma a bar yara su ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe. Mutanen Sabon Zongo sun shaƙi hayaƙin Agbogbloshie shekara da shekaru kafin a rushe filin a 2021, kuma tun 2016 ƙasar nan tana da doka kan sharar kayan lantarki.

Don haka yau da dare, kafin kowa ya aika kuɗi ta MoMo: a cire leshin, a canza batir, a duba layin inganci, a zare filash, a ba ta mako guda. In ta warware, kuɗin ya tafi cefane. In ta ƙi, mai gyara ma ya kasa, a je kasuwa da rimot a hannu.